Kwanon Tocila da Sirrin Haskenta

Duk wanda ya shiga kasuwa neman tocila a wannan zamani, galibi abin da ke fara jan hankalinsa shi ne adadin ƙarfin haske da aka rubuta a jikin kwali, alhali kuwa sai a sami tocila biyu masu ƙwai iri ɗaya da batir iri ɗaya, wannan tana hango mutum daga ƙarshen unguwa, waccan ko ƙofar gidan maƙwabci ba ta kaiwa; sababin wannan saɓani kuwa yana cikin ɗan kwanon nan mai walƙiya da ke kewaye da ƙwan, wanda mai saye bai cika leƙawa ba.

Ilmin wannan kwano ba na jiya ba ne. Ibnul Haisam, malamin nan na Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040 Miladiyya, ya wallafa risala a kan madubai masu ƙonawa, inda ya kafa hujja cewa akwai wata lanƙwasa ta musamman mai tara hasken rana a ɗigo guda. Maƙeran tocila sai suka juya mas'alar, suka dasa ƙwai a wannan ɗigo domin haske ya fita a miƙe.

To, amma ƙwan LED yana da tasa ɗabi'a. Tsohon ƙwai mai zare ta ko'ina yake watsa haske, shi kuwa wannan gabansa kaɗai yake fuskanta, saboda haka wani kaso yakan fice ba tare da ya taɓa kwano ba, ya zama hasken gefe da ke nuna wa mutum inda zai sa ƙafa, sauran kuma kwano ya tattara shi tsakiya. Gwargwadon faɗin kwano da ƙanƙantar ƙwai, gwargwadon nisan da haske zai ci.

Inda hikimar ta fi bayyana shi ne fuskar kwanon. Mai santsi yana kai haske nesa, sai dai ba ya rufa wa ƙwai asiri, domin farin LED asalinsa shuɗi ne, irin wanda Shuji Nakamura ya inganta a Japan a 1993, aka lulluɓe shi da sinadari mai ruwan ɗorawa. Don haka ake ganin zobba da ratsin rawaya a bango. Mai ƙurji-ƙurji kuwa, wanda maƙera ke kira ɓawon lemo, yana cakuɗa hasken ya daidaita, amma ya rage masa zango. A ganina mai gadi da maharbi su ne ke da haƙƙin mai santsi. Ɗalibi mai bitar karatu da dare, tsinin haske ba abin da zai ƙara masa illa ciwon ido.

Kafin a biya kuɗi a haska bango a duba. Idan kuma ƙura ta shiga, a hure ta, kada a goge da tsumma, domin shafen alminiyon da ke kwanon ba shi da kauri ko kaɗan.