Hayaƙi da Tururi: Sigarin Lantarki da Matsalar Barin Taba



Bahaushe ya daɗe da sanin taba. Ya sha ta a lofe, ya shaƙi garinta, ya gumtsa ta da kanwa, mata kuma suka rina haƙora da furenta. Sigari na kara shi ne baƙo, amma tun da aka kafa masana'antarsa a Zariya ya zama ɗan gari.

Abin lura a nan shi ne, abubuwa biyu ke cikin karan sigari. Akwai nikotin, wanda ke kama mutum ya hana shi bari. Akwai kuma hayaƙin ƙonewar ganyen, mai ɗauke da kwalta da iskar guba, kuma shi ne ummul haba'isin ciwon dajin huhu da yawancin cutar da taba ke jawowa. Dabarar sigarin lantarki, wanda wani masanin haɗa magunguna na ƙasar Sin, Hon Lik, ya ƙera a 2003, ita ce raba waɗannan biyu: batir ke dumama ruwa mai nikotin, a zuƙi tururinsa, ba a ƙona kome. Mu dai har yanzu “sha” muke cewa, domin wannan aikatau namu ba abin da bai haɗiye ba, daga ruwa har wahala.

To, shin yana taimako? A 2019 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Ingila da mashaya 886. Bayan shekara guda, kashi 18 cikin ɗari na waɗanda aka ba sigarin lantarki sun bar taba, alhali masu amfani da cingam ko filastar nikotin kusan kashi 10 ne. Sai dai kashi 80 cikin ɗari na waɗancan da suka bari suna nan riƙe da na'urar. Wato sun rabu da hayaƙi, nikotin kuwa bai sake su ba. Wanda kuma ya haɗa biyun, yana zuƙar tururi yana kunna kara, ribarsa kaɗan ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince a ɗauke shi hanyar raba jama'a da taba ba, Indiya ma ta haramta shi a 2019.

Yanzu sai mu dawo gida. Mashayin kasuwar Roni, ko na tashar motar Kazaure, kara ɗaya yake saye wurin mai tebur, ko da yake dokar taba ta 2015 ta hana sayarwa kara-kara. Ita kuwa na'ura tana son kuɗi a dunƙule, da wutar caji, da ruwan da sai an sayo daga Kano. A ganina, dattijon da tari ya dama, wanda ya fi kowa bukatarta, da wuya ta kai hannunsa. Wanda za ta fi saurin samu shi ne saurayin birni da bai taɓa kunna sigari ba, ƙamshin lemo da na minti suka ja shi.