Shirin Musamman: Kifi da Gyambon Baki



Duk wanda ya taɓa yin gyambon baki ya san azabarsa. Ɗan miki ne fari-fari mai jan gefe, a cikin leɓe ko ƙarƙashin harshe, amma sai ya raba ka da miyar yaji da shayi mai zafi. Iyayenmu kan ce a kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi ko jiƙon bagaruwa, ko a ɗiga zuma. Likitoci kuwa sun ce yawanci yakan warke da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu, kuma cizon leɓe, damuwa, da ƙarancin sinadarin ƙarfe ko bitamin B12 na cikin abubuwan da ke jawo shi.

To, kifi fa? Me ya haɗa shi da wannan?

A Malesiya da Indonesiya akwai wani kifi mai kai kamar na maciji, suna ce masa haruan ko gabus. Tun kaka da kakanni, mai jego ko wanda aka yi wa aiki, romon wannan kifi ake dafa masa don rauninsa ya haɗe da wuri. Da masana suka duba, sai suka tarar yana da yawan sinadarin albumin da irin kayan da jiki ke gina sabuwar tsoka da su. Daga nan ne masu binciken haƙori a jami'o'in Indonesiya suka fara tatso ruwansa, suna gwadawa a mikin bakin ɓeraye. Ku riƙe wannan: ɓeraye. Kuma kifin nan yana da ɗan'uwa a ruwayenmu, wanda masunta ke kira tufi.

Amma labarin da ya fi ɗaukar hankalina daga Burazil yake. A birnin Fortaleza, wajen 2016, wani likita mai suna Edmar Maciel da abokan aikinsa na Jami'ar Tarayya ta Ceará suka rasa isasshiyar fatar da za su rufe jikin waɗanda suka ƙone. Sai suka waiwayi abin da masu gonar kifi ke zubarwa: fatar karfasa. E, karfasar nan da kuka sani! A wanke ta, a tsaftace ta da magunguna, a haska mata hasken da ke kashe ƙwayoyin cuta, har ƙarninta ya tafi, sannan a shimfiɗa ta a kan ƙunar. Sai ta manne, ta riƙe danshi, ta yi kwanaki ba a taɓa ta ba. Wanda ya taɓa jinyar mai ƙuna ya san kukan da ake sha kullum wajen canza bandeji, don haka ya san girman wannan sauƙi. Sirrin shi ne kolajin, wato sinadarin da ke ba fata ƙarfi, wanda fatar karfasa ke da shi jingim. Can Aislan ma, kamfanin Kerecis da ke sarrafa fatar kifi don rufe raunuka, an saye shi a 2023 kan kuɗin da ya haura dala biliyan ɗaya. Fatar kifi fa, jama'a.

Sai dai a yi hattara: baki daban, fatar hannu daban. A baki akwai yawu, ga harshe ba ya zama wuri ɗaya, abin da ka shafa yanzu an jima ya bi maƙogwaro. Shi ya sa aikin masu binciken ya koma neman man shafawa mai mannewa, kuma yawancin gwajin na baki a dabbobi aka yi shi. Don haka duk wanda ya tare ka a tasha da kwalbar man kifi wai maganin gyambon baki, riƙe kuɗinka. Ɗanyen kifi a kan miki kuwa, gayyatar cuta ce.

Abin da ya shafe mu shi ne: ga kasuwar kifi ta hanyar Baga a nan Maiduguri, inda bandar Tafkin Chadi ke tashi kwali-kwali zuwa Onitsha da Legas. Ga Kwalejin Tarayya ta Fasahar Kifi ta Baga, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Kifin, da masanansa, da likitocin, duk a jiha ɗaya suke. Saura wanda zai zaunar da su teburi ɗaya ya ba da kuɗin bincike.

Lokaci ya ƙure mana. A taƙaice: ci kifin, domin yana da B12. Mikin da ya wuce mako uku bai warke ba, sai asibiti. Yaro mai rama ko wanda ya tashi daga ƙyanda, in dasashinsa ya kumbura bakin yana wari, kada a kwana, yana iya zama noma, cutar da aka buɗe wa asibiti na musamman a Sakkwato tun 1999.