Aikin da Na'ura Ta Rubuta, Ka Sa Sunanka a Kai

Satar amsa ba baƙuwa ba ce a makarantunmu. A da, ɗalibi kan shiga ɗakin jarrabawa da 'yar takarda a cikin safa, kuma ya san laifi yake yi, shi ya sa yake ɓoyewa. Tun 1999 Najeriya take da doka ta musamman a kan maguɗin jarrabawa, WAEC da NECO kuma sukan riƙe sakamakon wanda aka kama. Amma tun da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, Meta AI kuma ya shigo WhatsApp a Najeriya a 2024, ɗalibi yana kwance a ɗakinsa zai tura tambayar malami a waya, kafin minti ɗaya ya sami shafi uku na Turanci mai kyau. Bai leƙa takardar kowa ba, bai ba kowa cin hanci ba. Shi ya sa matasanmu da yawa suke tambaya, wa na cuta?

Mu duba Ayyukan Manzanni sura 5. Hananiya da matarsa Safiratu sun sayar da filinsu, suka riƙe wani kashi na kuɗin, suka kawo sauran gaban manzanni kamar shi ke nan duka. Bitrus ya nuna masa sarai cewa filin nasa ne, kuɗin ma nasa ne, ba wanda ya tilasta masa ya bayar. Da ya ce rabi ya kawo, da ba wata magana. Abin da ya hallaka su shi ne, sun so a ɗauke su masu sadaukarwa irin Barnaba, wanda ya kawo kuɗin gonarsa a ƙarshen sura ta 4, alhali ba su yi abin da ya yi ba. Bitrus ya kira wannan yi wa Ruhu Mai Tsarki ƙarya.

Duk lokacin da ka rubuta sunanka da lambarka a saman takarda ka miƙa wa malami, magana ka yi. Ka ce ni na karanta, ni na yi tunani, ga iyakar abin da na sani. In na'ura ce ta yi, maganar nan ƙarya ce ko malami ya gane ko bai gane ba. Wanda ka cuta kuwa yana nan: 'yar ajinku da ta kwana uku tana karatu da fitilar waya ta sami maki ƙasa da naka. Akwai kuma wanda ba ka gamu da shi ba tukuna. Ɗalibar jinya da waya ta yi wa lissafin magani har ta gama makaranta, wata rana za ta tsaya da allura a kan jaririn wani. Abin da ya fi damuna shi ne ranar da za a zo sujadar godiya, iyaye da dangi suna rawa zuwa gaba da baiko, a ce Ubangiji ne ya ba da wannan sakamako.

Ya kamata kuma a san yadda na'urar take aiki. An koya mata rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, tana jera kalmomin da suka fi dacewa su bi juna. Saboda haka takan ƙirƙiro sunan littafi da marubuci da shafi, babu ko ɗaya a duniya. A 2023 wata kotu a birnin New York na Amurka ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 domin sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙira.

Wannan ba ya nufin Kirista ya guji ƙirƙirarriyar basira. Ka ce ta bayyana maka darasin da bai shige ka ba, ta yi maka tambayoyin gwaji, ko ta nuna maka kurakuran Turanci a rubutun da kai ka yi. Ka fara tambayar malaminka abin da ya yarda da shi, domin dokar kowane malami daban. In ka yi amfani da ita, ka rubuta cewa ka yi. Ga gwaji mai sauƙi: in malami ya karɓe wayarka ya ce ka bayyana sakin layi na biyu, za ka iya? Ɗaliban makarantun tauhidi da masu shirya wa'azi, har da ku.

Iyaye ma da namu laifin. Uban da ya biya kuɗi a kai ɗansa cibiyar da ake rubuta wa yara amsa a allo ba shi da bakin yi masa faɗa a kan waya.

Wanda ya riga ya miƙa irin wannan aiki fa? 1 Yohanna 1:9 ya tabbatar mana da gafara ga mai furta zunubinsa, amma Zakka bai tsaya a furci ba, ya mayar da abin da ya ƙwata. Ka je wurin malamin ka faɗa masa, ka roƙi damar sake aikin. Mai yiwuwa ya ba ka sifili, mai yiwuwa ka maimaita kwas ɗin. In kana jin tsoron zuwa kai kaɗai, ka nemi fasto ko shugaban FCS na makarantarku ya raka ka.