Abincin da Ba Ya Kwana

Duk wanda ya natsu ya karanta tarihin fitar Isra'ilawa daga Masar, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne ƙarancin kwanakin da ke tsakanin waƙarsu da gunaguninsu. Mutanen da suka haye teku a kan busasshiyar ƙasa, suka ga halakar rundunar Fir'auna da idanunsu, matansu suka yi kiɗa da rawa a bakin gaɓa, su ne dai, a rana ta 15 ga wata na biyu, da suka isa jejin Sin da ke tsakanin Elim da Sina'i, suka taso wa Musa da Haruna da ƙorafi, suna begen tukwanen nama na ƙasar da aka bautar da su. Yunwarsu kam gaskiya ce, ba mai musun wannan. Amma sun tuna da tukunya, sun manta da bulala.

Amsar da Ubangiji ya bayar, yadda take a babi na 16 na Littafin Fitowa, ta zo da falala, ta kuma zo da sharaɗi. Da maraice makware suka rufe zango, da safe kuma, bayan raɓa ta ɗauke, sai ga wani abu fari a bisa ƙasa mai ɗanɗanon waina da zuma, wanda suka kira manna. Aka umarce su kowa ya ɗebi ma'auni guda, kimanin mudu, ga kowane rai da ke cikin alfarwarsa, kada kuma a bar kome ya kai gobe. Da aka zo awo, wanda ya tara da yawa bai sami rara ba, wanda ya tara kaɗan kuma bai gaza ba. Wasu duk da haka suka ɓoye nasu, gari na wayewa ya yi tsutsa ya yi ɗoyi. Alhali kuwa na rana ta shida, da ake tara ninki biyu saboda Asabar, yakan kwana lafiya lau, abin da ke nuna cewa ruɓewar nan hukunci ce da tarbiyya, ba ɗabi'ar abincin ba. Haka suka ci shekara 40.

A nan ne hikimar al'amarin take, a ganina. Mai gunagunin jiya shi ne mai ɓoyon yau, domin cutar guda ce, wato rashin amincewa cewa Mai bayarwa zai sake bayarwa, da kuma ido wanda ba ya ƙirga sai abin da babu. Littafin Ƙidaya ya kawo labarinsu daga baya, ga manna na sauka ba fashi, suna kuka suna lissafa kifi da kankana da albasa da tafarnuwa na Masar. Saboda haka ne nasiha da ƙana'a kaɗai ba ta cika warkar da irin wannan zuciya, don sau da yawa mutum yakan kame bakinsa, hannunsa kuwa yana nan a dunƙule.

Manzo Bulus ya fahimci haka sarai. Tun zamanin sarki Kalaudiyas, wanda ya yi mulkin Rum daga shekara ta 41 zuwa ta 54, yunwa ta taɓa ƙasar Yahudiya har masu bi na Antakiya suka aika da gudummawa ta hannun Barnaba da shi Bulus ɗin. Daga baya kuma ya ɗauki shekaru yana tara taimako daga ikilisiyoyin Al'ummai domin matalautan Urushalima, ya shirya wa Korantiyawa cewa kowace ranar farko ta mako kowa ya keɓe wani abu gwargwadon samunsa. Koranti kuwa birni ne na fatauci mai tashoshin jiragen ruwa biyu, amma bayan sun fara da zafi, aka shekara aikin bai kammala ba, har sai da aka tura musu Titus. Waɗanda Bulus ya kafa musu misali da su su ne Makidoniyawa, mutanen da ke cikin tsanani da matsanancin talauci, waɗanda suka bayar fiye da ƙarfinsu, har suna roƙo a karɓa. Da ya zo kawo hujja daga Attaura, a babi na 8 na wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korantiyawa, sai ya koma ga awon mannan nan, yana nufin yalwar wannan ta rufe rashin wancan, wata rana kuma a juya. Abin da a jeji mu'ujiza ta daidaita, a cikin ikilisiya an ɗora shi amana a wuyan masu bi.

Mu da muke zaune inda farashin hatsi yakan hau tsakiyar damina, lokacin da rumbun talaka ya yi ƙasa, mun san ma'anar ɓoyo ba sai an yi mana tafsiri ba. Ana kai dammunan dawa da gero majami'a ranar godiyar kaka, ana fid da zakka da baiko, matan zumunta kuma, Allah ya saka musu, su ne kan riga kowa zuwa gidan makoki da ɗakin majinyaci da ɗan abin da ke hannunsu. Sai dai mutum yana iya yin waƙar godiya ranar Lahadi, ya wuni Litinin yana kukan tsadar rayuwa, buhunansa na jibge suna jiran farashi, maƙwabciyarsa gwauruwa ba ta ɗora tukunya ba.

Kada a ɗauka kuwa cewa kowane koke laifi ne, don akwai masu dukiya da shugabanni da ke son a fassara shi haka domin a rufe wa mabukata baki. A babi na 6 na Ayyukan Manzanni, Yahudawa masu jin Helenanci sun yi gunaguni a kan Ibraniyawa, cewa ana tsallake gwaurayen matansu a rabon abinci na yau da kullum. Manzanni ba su tsauta musu ba, ba su kuma karanta musu labarin jeji ba, domin wannan kuka ne saboda haƙƙin wasu, an kuma kawo shi inda za a iya gyara. Suka tara jama'a, suka sa a zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, cikinsu har da Istifanas da Filibus, aka danƙa musu rabon. Dukan bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su, shi ya sa malamai da yawa ke ganin daga ɓangaren masu ƙorafin aka ɗebo su, aka ce su riƙe ma'aunin da kansu.