Garin da ake nema don waya ta riƙa leƙa cikin abinci

Duk wanda ya taɓa danna rimot ɗin talabijin ya yi aiki da hasken da ido ba ya gani. Ana kiransa infirared, kuma yana can bayan ja a jerin launukan bakan gizo. Ɓangarensa mafi kusa da ja yana da wata baiwa: yana ratsa ƙwayar hatsi, nama da fatar mutum. Ruwa, mai da furotin kowanne na shanye wani yanki nasa daban, don haka idan aka auna hasken da ya dawo, za a san abin da ke ciki ba tare da an yanka ko an niƙa ba.

Tun shekarun 1960 Karl Norris na ma'aikatar noman Amurka ya nuna za a iya auna danshin hatsi ta haka. Matsalar ita ce fitila. Injinan gwaji sun dogara da ƙwan halojin mai zafi da cin wuta, wanda ba zai shiga waya ba. Ƙaramin ƙwan LED na rimot kuwa siririn zango ɗaya yake bayarwa, wajen nanomita 940, alhali gwajin na buƙatar zango mai faɗi.

A nan garin fosfo ya shigo. Dabarar ita ce ta farin ƙwan LED da ke gidajenmu: ana shafa gari a kan ƙwai mai shuɗin haske, garin ya sha shuɗin ya fitar da wani launi. Don samun infirared, masu bincike sukan barbaɗa ƙarfen kiromiyam kaɗan a cikin ma'adanai irin su ganet, su gasa a zafin da ya haura digiri 1,000. A 2016 kamfanin Osram na Jamus ya fitar da ƙwai irin wannan mai zangon nanomita 650 zuwa 1,050. Bayan shekara ɗaya kamfanin Changhong na Sin ya nuna waya mai na'urar gwajin abinci a bajekolin CES da ke Las Vegas. Har yau irinta ba ta cika kasuwa ba.

Wani ɓangare na cikas ɗin yana jikin garin. Ko da ya yi aiki ba aibi, sauya shuɗi zuwa infirared na salwantar da fiye da kashi 40 cikin 100 na ƙarfin hasken, ya zama zafi. Zafin kuma yana dusashe garin da kansa. Abin takaicin, garin da ya fi bayar da zango mai faɗi yakan zama wanda zafi ya fi yi wa illa, kuma wajen gashi wani kiromiyam ɗin kan rikiɗe ya daina bayar da hasken da ake so.

Ayari irin na Farfesa Ru-Shi Liu a Jami'ar Ƙasa ta Taiwan, da wasu da dama a Sin, na ta sauya haɗin sinadaran don shawo kan haka. Wasu sun koma gwada nikel don wuce nanomita 1,000, sai dai a can idon silikon mai araha ya daina gani, dole a nemi mai tsada.