Motar Lantarki a Hanyar Tsauni: Yadda Hawa da Gangare Suke Sauya Lissafin Caji

Hanyar Grossglockner da ke ƙasar Ostiriya, wadda aka buɗe a shekarar 1935, ta keta tsaunukan Alps tsawon kilomita 48, tana da kwanoni masu tsanani guda 36, kuma a wurin da ake kira Hochtor tsayinta yakan kai mita 2,504 daga saman teku. Ƙanƙara kan rufe ta duk lokacin hunturu, sai wajen watan Mayu ake buɗe ta ga matafiya. Irin wannan hanya ita ce ke tona bambancin da ke tsakanin motar fetur da motar lantarki, domin direban da ya saba auna tafiyarsa da nisa kaɗai yakan tarar cewa a tsauni tsayin wuri ya fi nisansa tasiri a kan batir.

Ana auna ƙarfin da batir yake ɗauke da shi da abin da ake kira kilowat-awa, wato yawan wutar da na'ura mai cin wat 1,000 za ta sha cikin awa guda. Motar lantarki ta iyali takan ci tsakanin kilowat-awa 15 zuwa 20 a kowace tafiyar kilomita 100 a shimfiɗaɗɗen titi. Amma ɗaga mota mai nauyin tan biyu zuwa tsayin mita 1,000 yana buƙatar kusan kilowat-awa biyar da rabi, ban da abin da juyawar tayoyi da tunkarar iska suke ci. Saboda haka wanda ya taso daga garin Bruck, wanda yake kimanin mita 750, ya nufi Hochtor, zai ƙarar da sama da kilowat-awa tara wajen hawan kaɗai, abin da zai ishe shi tafiyar kilomita hamsin ko fiye a fili. A nan ne ma'aunin da ke gaban direba, mai nuna sauran nisan da cajin zai kai, yakan tayar wa baƙo hankali, domin kwamfutar motoci da yawa tana yin hasashenta ne bisa cin wutar da ta gani a baya-bayan nan, kamar dai hawan ba zai taɓa ƙarewa ba.

Sai dai wutar da hawa ya ci kamar ajiyar adashi take, akan kwashe kaso mai tsoka daga cikinta idan an juyo gangare. Injin lantarki yana aiki ta fuska biyu: idan aka ba shi wuta sai ya juya tayoyi, idan kuwa tayoyi suka juya shi sai ya zama janareto. Da zarar direba ya ɗaga ƙafarsa daga totur, nauyin motar ne yake juya injin, injin kuma yana riƙe gudunta tare da mayar da wuta cikin batir. Ba duka ake samu ba, domin wani ɓangare yana salwanta a matsayin zafi cikin wayoyi da injin da batir ɗin kansa, amma a dogon gangare abin da ke dawowa yakan haura rabi. Motar fetur ba ta da wannan dama, man da ta ƙona wajen hawa ya tafi ke nan.

Amfanin da ya fi wannan girma, ko da yake ba a cika ambatonsa ba, shi ne hutun da birki yake samu. Birki na yau da kullum yana tsayar da mota ne ta hanyar gogayya, gogayya kuwa zafi take haifarwa, idan kuma zafin ya yi yawa sai kamun birkin ya yi rauni, ruwansa ma yana iya tafasa. Wannan ne ya sa a hanyar dutsen Pikes Peak da ke jihar Kolorado ta Amurka akan tsayar da masu saukowa a Glen Cove, a auna zafin birkinsu kafin a bar su su wuce. Direbobin da suka san Hawan Kibo a kan hanyar Akwanga zuwa Jos ba sa buƙatar a bayyana musu illar tsinkewar birki.

Akwai tarko guda da ya kamata a daɗe ana nanata shi. Batir da ya cika maƙil ba shi da wurin zuba sabuwar wuta, saboda haka motar takan rage ko ta kashe wancan riƙo na injin, ta bar nauyinta gaba ɗaya a kan birki, alhali motar lantarki ta fi takwararta ta fetur nauyi saboda batir. Wanda ya kwana a masauki a ƙololuwar tsauni ya cika motarsa ɗari bisa ɗari da niyyar yin tanadi, ya jefa kansa cikin haɗarin da ba ya gani. Abin da ya dace shi ne a bar sarari mai yawa a batir kafin a fara sauka. Sanyi ma yana haifar da irin wannan matsala, domin zafin iska yakan ragu da kusan digiri shida da rabi a kowane hawan mita 1,000, batir mai sanyi kuwa ba ya karɓar wuta da sauri, ga shi kuma na'urar ɗumama cikin mota daga jikinsa take sha.

Ƙarancin iska a sama, wanda yake shaƙe injin fetur marar turbo har ƙarfinsa ya ragu da kusan kashi uku cikin ɗari a kowane hawan mita 300, bai shafi injin lantarki ba, tunda ba ya ƙona komai. A shekarar 2018 direba Romain Dumas na Faransa ya hau Pikes Peak, mai kwanoni 156 da ƙololuwar mita 4,302, da motar lantarki ta Volkswagen cikin ƙasa da minti takwas, lokacin da babu motar fetur da ta taɓa kaiwa gare shi a gasar tseren hawan dutsen.

Abin da ya rage shi ne wurin caji, kuma a nan ne tsauni yake buƙatar tsari na musamman. Matafiyin da zai hau tudun Mambila daga Serti zuwa Gembu, ko ya haura Jos daga Akwanga, ya fi buƙatar tashar caji mai sauri a gindin tudun, inda hawan zai fara cin wuta, fiye da a samansa, inda caji kaɗan ya wadatar da mai niyyar saukowa.