Gero daga ƙauye, tamowa a ƙauye

Duk mai cin kasuwar Maraɗi ya san daga ƙauye buhunan gero ke shigowa. Amma can ƙauyen ne tamowa ta fi kama yara. A 2005, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60.000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, wadda muke kira rumbun ƙasa.

Da kaka manomi kan sayar mana da hatsi arha don ya biya bashi. Da damina ya dawo saye da tsada, daidai lokacin da zazzaɓin sauro da zawo ke kwantar da yara. Uwa a birni tana da famfo da gidan likita kusa, ta ƙauye kuwa sai ta yi doguwar tafiya da goyo.

Mu ƴan kasuwa akwai namu nauyin. Plumpy'nut magani ne, ba haja ba, kada mu saye shi hannun uwa. In abokiyar ciniki ta zo da yaro mai kumburin ƙafafu ko ramammen dantse, mu tura ta gidan likita tun ranar.